Daga Abdulwahidu Zuwa TikTok: Tarihin Turawa Da Shiga Musulunci, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Bauchi



A 'yan shekarun nan da wuya mako ya wuce ba a turo mana bidiyon wani Bature ko wata Baturiya suna karɓar kalmar shahada a WhatsApp ko Facebook ba. Wani a masallacin Landan, wata a cikin motarta a Amurka, wata kuma a ɗakinta tana riƙe da fassarar Alƙur'ani tana hawaye. Kafin a ce kwabo an cika ƙasan bidiyon da kabbara, matasa sun ɗauke shi zuwa majalisunsu na Wunti da Kobi da Jahun ana ta maimaitawa. Murnar a kan hanya take, domin duk wanda ya ga ɗan Adam ya samu abin da zuciyarsa ta natsu da shi, ya dace ya taya shi farin ciki. Sai dai da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa wayar hannu ce ta haifi wannan al'amari. Tarihi ya nuna cewa maganar Bature da Musulunci ta kai shekara 200 a ƙasarmu, kuma wani yanki nata ta cikin garin Bauchi ya ratsa. Sanin wannan tarihin shi zai nuna mana inda za mu yi murna, da inda za mu yi hattara, da kuma haƙƙin da ya rage a wuyanmu.

Baƙi masu sunan Musulmi

Turawan da suka fara takowa ƙasar Hausa a ƙarni na 19, mafi shaharar cikinsu da sunan Musulmi aka san su. Hugh Clapperton, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya isa Sakkwato a watan Maris, mutane suna kiransa Abdullahi. Shi da kansa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa tambayoyi a kan ɗarikun Kirista na zamanin dā har ya rasa amsa, ya ce shi bai yi zurfi a wannan fanni ba. Bello bai tilasta masa barin addininsa ba. Da ya dawo karo na biyu, a Sakkwato ya rasu a 1827 yana Kiristansa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, Abdulkarimu ake ce masa, shi ma a kan addinin iyayensa ya koma gida.

A 1855, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, wani saurayi Bajamushe masanin taurari mai suna Eduard Vogel ya taso daga Kukawa ya iso Bauchi, wadda Turawan wancan lokaci suke rubutawa Yakoba, wato garin Yakubu. Shi ne Baturen farko da aka san ya shigo garin nan, kuma sunan da yake amsawa a tafiyarsa shi ne Abdulwahidu. Shekara guda bayan haka aka kashe shi a Wadai, cikin ƙasar Cadi ta yanzu.

Labarin wanda ya biyo bayansa ya fi ba da abin tunani. Gerhard Rohlfs Bajamushe ne da ya taɓa yi wa Faransa aikin soja a Aljeriya. A 1861 ya shiga Maroko, ya ga Kirista ba zai iya yawo yadda yake so a can ba, sai ya ce ya musulunta, ya canza sutura, ya koma Mustafa, har ya samu aikin likita a rundunar Sarkin Maroko. A rubuce-rubucensa bai ɓoye cewa dabarar tafiya ce kawai ba. Wannan mutumin ne ya taso daga Tarabulus a 1865, ya ƙetare Sahara zuwa Borno, ya shigo Bauchi a watan Janairun 1867, daga nan ya bi ta Keffi da Lakwaja har ya ɓulla Ikko. Daga baya gwamnatin Jamus ta tura shi ya wakilce ta a Zanzibar, a daidai lokacin da Turawa ke rabon Afirka a tsakaninsu. Darasin farko da tarihin garinmu ya ba mu ke nan: suna da rawani da furucin baki abu ne mai sauƙin samu, kuma tun fiye da shekara 150 da suka wuce wanda ya yi su don biyan buƙatarsa ya taka ƙasar Bauchi.

Lauyan Liverpool a Ikko

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A daidai wannan zamani akwai Turawan da suka shiga Musulunci da gaske, suka kuma sha wuya a kansa. William Henry Quilliam lauya ne a birnin Liverpool, an haife shi a 1856. Ya je Maroko, ya ga yadda Musulmi ke rayuwa, ya musulunta a 1887 ya zama Abdullahi. A 1889 ya buɗe masallaci a wani gida a Liverpool, inda mutanen gari suka sha jifan masallata da duwatsu da ƙazanta. Bai ja da baya ba. Ya buɗe makaranta da gidan marayu, ya kuma fara buga jarida ta mako-mako mai suna The Crescent, wadda ake aikawa ƙasashen Musulmi da dama ta gidan waya.

Wannan Baturen ya zo Najeriya. A watan Yulin 1894, lokacin da aka buɗe masallacin da attajiri Muhammadu Shitta ya gina a Ikko, Quilliam ne ya wakilci Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu, ya miƙa wa Shitta lambar girma da sarautar Bey. Shi ya sa har yau ake kiran masallacin Shitta-Bey. Abin lura a nan shi ne hanyar da labarinsa ya bi ya isa ga Musulmin gaɓar teku: jarida da wasiƙa, waɗanda su ne kafofin sada zumunta na wancan zamani.

Bayansa an samu wasu da sunansu ya zagaya duniya. Marmaduke Pickthall ya musulunta a 1917, fassararsa ta Alƙur'ani da Turanci ta fito a 1930. Leopold Weiss, ɗan jarida Bayahude daga ƙasar Ostiriya, ya musulunta a Balin a 1926 ya zama Muhammad Asad. Lady Evelyn Cobbold, 'yar wani basarake a Birtaniya, ta yi aikin Hajji a 1933. Kowannensu sai da ya yi tafiya, ya zauna da Musulmi, ya yi karatu na shekaru.

Zamanin Nasara

A nan gida kuwa al'amura sun ɗauki wata fuska. A watan Fabrairun 1902 sojojin Ingila suka shigo Bauchi suka tuɓe Sarki Umaru. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi, aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin mutane ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin garuruwan sarakunan Musulmi. Daga nan Bature ya zama Razdan da Di'o da mai karɓar haraji. Da yawansu sun koyi Hausa har sun ci jarrabawa a kanta, amma suna zaune a bariki, mu muna cikin ganuwa. A bakin talaka Bature da Nasara suka zama kalma ɗaya, har ya zama jin an ce Bature yana sallah abin mamaki ne kamar a ce an ga kura a masallaci.

Shekara 58 na mulkin mallaka sun bar mana wani tabo a zuciya wanda bai gama warkewa ba, wato ganin cewa abu bai cika ba sai Bature ya sa masa hannu. Magabatanmu sun yi faɗa da wannan tunani a cikin garin nan. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna zaman muhawara a Bauchi, inda ake yi wa jami'an Turawa da na En'e tambayoyi ido da ido. Yana da kyau mu riƙe wannan a zuciya, domin za mu dawo kansa.

Biyu da suka zauna da mu

Bayan samun 'yancin kai ne Arewa ta ga Turawan da suka musulunta suka kuma zauna suka yi aiki har ƙarshen rayuwarsu. Biyu daga cikinsu sun isa misali.

Na farko shi ne Farfesa Abdullahi Smith, wanda aka haifa a Ingila a 1920 da sunan H. F. C. Smith. Ya fara koyar da tarihi a Jami'ar Ibadan, daga nan ya dawo Zariya ya kafa Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Aikinsa ya sa shi bin gidajen malamai yana neman tsofaffin littattafan Larabci na Shehu Usman Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello. Ya tarar da al'umma mai rubutaccen tarihi da dokoki da tsarin mulki, saɓanin abin da littattafan mulkin mallaka suke faɗa. A cikin shekarun 1960 ya musulunta. A 1970 ya jagoranci kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna, ya rasu a 1984. Manyan masana tarihinmu irin su Dakta Yusufu Bala Usman a hannunsa suka taso. A sashen da ya kafa ne Dakta Abubakar Yaya Aliyu ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1974 a kan kafuwar mulkin sarauta a Bauchi daga 1805 zuwa 1903. Ke nan duk ɗan Bauchi da ya karanta tarihin garinsu a jami'a ya ci moriyar wannan bawan Allah ko bai san sunansa ba.

Ta biyu ita ce Hajiya Aisha Lemu. An haife ta a garin Poole na Ingila a 1940 da sunan Bridget Honey, ta tashi a cocin Angilika. Tun tana 'yar shekara 13 ta fara tambayoyi a kan addini, ta leƙa addinin Hindu da na Buda ba ta gamsu ba. Ta shiga jami'a a Landan tana karatun harshe da tarihin Sin, a can ta haɗu da ɗalibai Musulmi suka ba ta littattafai, ta musulunta a 1961. A 1966 ta zo Kano ta koyar a Makarantar Koyon Larabci, daga nan aka kai ta Sakkwato ta shugabanci makarantar 'yan mata ta gwamnati. A 1968 ta auri Shaikh Ahmad Lemu, a 1969 suka kafa Islamic Education Trust, wadda hedkwatarta take Minna yanzu. A 1985 aka kafa FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, ita ce Amirarta ta farko ta ƙasa. Littattafan darasin addinin Musulunci da ta rubuta wa 'yan sakandare sun shiga hannun da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu, kuma iyayenmu mata na FOMWAN reshen Bauchi suna nan suna ci gaba da aikin. Ta rasu a Minna a watan Janairun 2019, bayan fiye da shekara 50 a ƙasar nan.

Babu bidiyon ranar da Smith ko Aisha Lemu suka karɓi shahada. Abin da muke da shi a hannu shi ne ɗalibai da makarantu da littattafai.

Littattafan Shehu a Amurka

Ruwan bai tsaya a gefe ɗaya ba, daga nan ma ya gangara can. A Amurka mafi yawan waɗanda suka musulunta a ƙarni na 20 baƙaƙen fata ne, jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka aka bautar. Malcolm X ya yi aikin Hajji a watan Afrilun 1964, a watan Mayu ya zo Najeriya ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. A 1975 Imam Warith Deen Mohammed ya gaji mahaifinsa a shugabancin ƙungiyar Nation of Islam, ya ja dubban mabiyanta zuwa Musulunci irin wanda sauran duniya ta sani.

Wasu daga cikin waɗannan mutane da suka tashi neman asalinsu, a kan malaman ƙasarmu suka faɗo. A ƙarshen shekarun 1970 Aisha Bewley, Ba'amurkiyar da ta musulunta a 1968, ta fassara wasu littattafan Shehu Usman Ɗanfodiyo zuwa Turanci, ita ce kuma ta fassara Muwaɗɗa ta Imam Malik da Ashafa, waɗanda ake karantawa a zaurukanmu. A birnin Pittsburgh an samu mata Musulmi da suka kafa ƙungiyar karatu suka sa mata suna 'Yan Taru, koyi da tsarin da Nana Asma'u ta kafa don koyar da matan karkara. Shehu Hassan Cisse, jikan Shehu Ibrahim Inyass, ya yi shekaru yana karantar da Amurkawa, da yawansu suka tura 'ya'yansu Kaulaha haddar Alƙur'ani. Wato a lokacin da wasunmu ke ganin karatun zaure ya tsufa, akwai mutane a bayan teku da ke neman sa ido rufe.

Daga kaset zuwa wayar hannu

Waɗanda suka haura shekara 40 a cikinmu za su tuna zamanin kaset ɗin bidiyo na muhawarorin Ahmed Deedat, da faifan wa'azin Khalid Yasin, da labarin mawaƙin Ingila Cat Stevens da ya musulunta a 1977 ya zama Yusuf Islam. A wancan lokaci labari yakan yi watanni kafin ya iso Bauchi. Wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, aka kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, TikTok kuma ta mamaye duniya daga wajen 2018. Daga nan abubuwa biyu suka canza.

Na farko, mai neman sani a Turai ba ya buƙatar zuwa Maroko kamar Quilliam, ko ya jira haɗuwa da ɗalibi Musulmi kamar Aisha Lemu. Yana kwance a ɗakinsa zai karanta fassarar Alƙur'ani, ya ga yadda ake alwala, ya yi tambaya a amsa masa. Na biyu, shi kansa musuluntar ta zama abin kallo. Da mawaƙiyar ƙasar Ayalan Sinéad O'Connor ta musulunta a 2018, a Twitter ta sanar. A 2019 Joram van Klaveren, tsohon ɗan majalisar Holan daga jam'iyyar Geert Wilders mai adawa da Musulunci, ya bayyana cewa ya musulunta a tsakiyar rubuta littafin da ya fara da niyyar sukar addinin. Bayan ɓarkewar yaƙin Gaza a watan Oktoban 2023, jaridun Turai sun ba da rahoton yadda matasan Amurka suka riƙa karanta Alƙur'ani a TikTok don su gane inda Falasɗinawa ke samun irin wannan haƙuri, wasunsu kuma suka kai ga karɓar shahada a gaban masu kallo.

To amma me alƙaluma suka ce? Wani bincike da ƙungiyar Faith Matters ta fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka musulunta a Birtaniya za su kai 100,000, cewa kimanin 5,200 ne suka shiga a shekarar 2010, kuma kusan kashi biyu cikin uku mata ne. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, wato kashi 6.5 cikin 100, kuma mafi yawan ƙaruwar daga haihuwa da ƙaura ta fito. A Amurka, binciken cibiyar Pew na 2017 ya nuna cewa sama da kashi 20 cikin 100 na manyan Musulmin ƙasar shigowa suka yi daga wani addini ko daga rashin addini. Binciken dai ya nuna cewa kusan irin wannan kaso na waɗanda aka haifa a gidan Musulmi sun daina kiran kansu Musulmi. Wato ana shiga ta ƙofar gaba ana fita ta ƙofar baya, sai dai bidiyon masu shiga kawai ke isowa wayoyinmu.

Dalilin haka a bayyane yake. Manhaja tana lura da abin da mutum ya tsaya ya kalla, sai ta yi ta kawo masa irinsa. Wanda ya kalli bidiyon shahada uku yau, gobe goma za ta jera masa, har ya zaci Turai gaba ɗaya ta kusa tsayar da sallah. Ga kuma maganar kuɗi. YouTube da makamantanta suna biyan masu bidiyo gwargwadon yawan masu kallo, kuma masu wannan sana'a sun san cewa Musulmin Najeriya da Indunusiya da Pakistan ba sa wuce bidiyon Bature yana sauraron ƙira'a. Ba mu da ikon shiga zuciyar kowa, kuma wanda ya furta shahada Musulmi ne a wurinmu, Allah Shi ne masanin ɓoye. Amma wanda ya san labarin Mustafa na 1867 ba zai mayar da kowane bidiyo hujja ba.

Labaran da ba su faru ba

Tun kafin intanet akwai labaran da suka daɗe suna yawo a bakinmu. An ce Neil Armstrong, wanda ya taka wata a 1969, ya ji kiran sallah a can ya musulunta. Shi da kansa ya musanta, har a 1983 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a kan haka. An ce Jacques Cousteau, Bafaranshen nan masanin teku, ya musulunta. Da ya mutu a 1997, a cocin Notre-Dame na Faris aka yi masa addu'ar jana'iza. An sha liƙa wa ɗan wasan barkwanci Mr Bean irin wannan labari, shi ma babu kamshin gaskiya a ciki. Yanzu da ake iya haɗa murya da fuskar mutum da kwamfuta, irin waɗannan za su ƙaru ne. Duk ranar da ɗanmu ya kafa hujja da labarin Armstrong a gaban abokin karatunsa a ATBU ko Tatari Ali, aka buɗe waya aka nuna masa ƙarya ne, shi zai ji kunya, kuma addinin da yake son karewa za a yi wa dariya.

Akwai kuma haɗarin mayar da mai suna malami. A watan Oktoban 2022 Andrew Tate, wanda ya yi ƙaurin suna a intanet da maganganunsa a kan mata da dukiya, ya ce ya musulunta. Bayan wata biyu aka kama shi a Romaniya, daga baya aka tuhume shi da safarar mutane, tuhumar da yake musantawa. Hukunci a kan tuhumar na kotu ne, imaninsa yana hannun Allah. Abin da ya dame mu shi ne yaranmu da suka fara ɗaukar maganarsa a kan aure da mace kamar karatun malami. Wanda ya shiga addini jiya ɗalibi ne, a yi masa addu'a a koya masa, ko mabiyansa sun kai miliyan nawa.

Abin da ya rage a wuyanmu

Garin nan da kansa amsa ce ga mai tunanin cewa darajar Musulmi tana ga launinsa ko asalinsa. Malam Yakubu ɗan Dadi, wanda ya kafa birnin Bauchi a wajen 1809 ya yi mulki har 1845, tarihin da aka fi sani ya nuna daga Gerawa ya fito. Karatu ya kai shi gaban Shehu a Ɗagel, kuma karatun da riƙon amana ne suka sa aka ba shi tuta. Idan Shehu bai tambayi ƙabilar Yakubu ba, bai dace jikokin mutanen Yakubu su riƙa auna shahada da farar fata ba. Murnar da ta fi ƙarfi idan Bature ne ya musulunta, ta yi sanyi idan mutumin ƙauyen bayan garinmu ne, ragowar tabon nan ne na bariki da su Malam Sa'adu Zungur suka yi faɗa da shi.

Mu duba kusa da mu. A masallatan Juma'a na garin nan ana karɓar shahada, a yi kabbara, a tara ɗan abin da aka tara, a watse. Bayan wata shida wa ke tambayar inda mutumin yake kwana, ko ya iya Fatiha, ko danginsa sun yanke masa kuɗin makaranta? Mutum zai shekara 20 yana sallah a sahun gaba, ranar da ya zo neman aure sai a tuna masa cewa shi tubabbe ne. Masu musulunta a Turai ma kukan da suka fi yi ke nan, kaɗaici bayan an gama rungumarsu, musamman ranar Sallah da kowa ya shige cikin danginsa. Shari'a ta ware wa irin waɗannan mutane kaso a cikin zakka, kuma kowace unguwa tana iya sanin nata ta riƙe su.

Sai maƙwabtanmu Kirista. Bauchi ta ɗanɗana ɗacin rikicin addini, wanda ya ga 1991 ba ya fatan ya sake gani. Tura bidiyon shahada cikin zauren tsofaffin ɗalibai ko na ma'aikata da nufin tsokana ba wa'azi ba ne, kuma ba ya jawo kowa. Quilliam halin mutanen Maroko ya gani. Aisha Lemu littafi aka miƙa mata cikin mutunci. Smith ilimin magabatanmu ya tarar a rubuce. Babu ɗaya a cikinsu da gori ya jawo. Haka nan rigimar da muke yi a ƙarƙashin bidiyon baƙo, wannan yana ja ya shiga Izala, wancan yana ja ya shiga ɗariƙa, tun bai iya alwala ba, abin kunya ne da ya kamata mu bari.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa da abubuwa masu sauƙi. Kafin mu tura labarin musuluntar wani sananne, mu bincika ko shi da bakinsa ya faɗa, ko wata kafar labarai da aka sani ta kawo. Iyaye su riƙa tambayar yara wa suke saurare a waya. Matasanmu da suka iya Turanci da Larabci, maimakon su ƙare datarsu a tura bidiyon wasu, su zauna gaban malamai su karanci littattafan Shehu da na Abdullahi da na Nana Asma'u, su fitar da su ga duniya da kyakkyawan harshe, tunda mun ga akwai masu nema. Sannan kowannenmu ya nemi mutum ɗaya a unguwarsu da ya shigo addinin nan ba shi da kowa, ya kira shi cin tuwon Sallah a gidansa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tabbatar da dugaduganmu da na waɗanda suka shigo, Ya zaunar da Bauchi da Najeriya lafiya. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya, a madadin shugabanni da mambobi.